Na Saya wa Mijina Babban Jirgi, Agwagi Ne Suka Tare a Ciki

Doña Zoila,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zai kai ni gaban fadan coci in durƙusa, ko gaban alƙali in tsaya. Ni ba mai rubuta wa jarida ba ce. Jaridar taku ma, ki yi haƙuri, kifi nake naɗe wa mutane da ita, sai dai nakan zare shafinki in ajiye tukuna. To yau ga ni na kawo kaina. Kada ki sa sunana. Na mijina kuwa ki sa shi da manyan baƙaƙe, don shi ban da fuskar teku ba abin da yake karantawa.

Sunansa Eleodoro, a nan Huanchaco ana ce masa Don Lolo. Masunci ne, ɗan masunci, jikan masunci, in kika ba shi kujera da kofin chicha, abin shanmu na masara, zai jero miki kakanninsa har ya dire a jirgin Nuhu. Ya haura sittin. Tun kafin ya iya ɗaura wando yake hawan doki, wato ɗan kwalekwalen nan namu na ciyawar totora da muke ce wa doki, wanda kowane namiji yake ɗaure nasa da hannunsa, ya saɓa a kafaɗa ya kai ruwa, in ya dawo ya jingine shi a tsaye ya tsane. Tun da aka ɗaura mana aure nake tsayawa a bakin ruwa da kwano ina jiransa, ya miƙo ƙaguwa da kifi in kai kasuwa. Ba zan rage masa ba, a zamaninsa babu wanda ya kai shi iya zama a kan doki. Sai dai har yau ba a sami mai ƙarfin halin da zai gaya masa zamanin ya wuce ba.

Shekarun baya teku ya cinye ramin da yake noman totorarsa, kamar yadda ya cinye na mutane da yawa. Doki kuwa kin sani, 'yan makonni ne ya sha ruwa ya yi nauyi, sai a ɗaure sabo. Wasu suka riƙa neman ciyawa wajen 'yan'uwa. Mai girma Don Lolo ya ce shi bakinsa bai iya roƙo ba. Sai ya je ya sayo wani jan jirgin roba, irin wanda ake kira kayak, a hannun wani Bature ɗan yawon duniya da zai koma ƙasarsu. Na ga Baturen da idona. In ya juya gefe sai ki neme shi ki rasa. Daidai ƙugunsa aka ƙera jirgin nan, siriri kamar muciya. Mijina kuwa, albarkacin shinkafa da agwagwar da nake dafa masa duk Lahadi, cikinsa ke riga shi shiga ɗaki. In ya zauna a kai, rabinsa ne a jirgi, sauran rabin yana leƙen kifi ta dama da hagu.

Faɗuwar farko ya ce zafi ne ya dame shi ya sauka ya yi wanka. A watan Agusta, Doña Zoila, lokacin da ko karen unguwa ba ya yarda ya sa ƙafa a ruwan nan don sanyi. Ta biyu ya ɗora wa zakin teku laifi, wai ya bangaje shi ta ƙasa. Babu wanda ya ga zakin, amma duk gaɓar nan ta ga tafin ƙafafun mijina suna kallon sama.

Ta uku ita ce ba ta wasa ba. Can bayan gadar da ta miƙe cikin teku, inda yake kafa tarkon ƙaguwa, ya sunkuya zai jawo igiya, jirgin ya kife da shi. Ya yi ya yi ya hau, da ya ɗora ƙirji sai abin ya sake juyawa. Sanyi ya kama hannuwansa har ya kasa riƙe komai. Allah ne ya kawo compadre Anacleto, wanda ya riƙe mana 'yarmu ranar baftisma (shi ya sa nake ce masa compadre, shi kuma yake ce mini comadre), yana dawowa a kan dokinsa. Ya cafko shi ta ƙugun wando, wandon ya zaɓi zama a teku, ya sake cafko shi ta riga ya kwantar da shi a ramin bayan doki, inda ake zuba kifi. Haka aka kawo mini shi gaɓa. Anacleto yana ta ihu tun daga nesa, “Comadre, kawo babban kwano, yau na kamo wanda ba a taɓa gani ba, sai dai ba ɓawo!” Maza suka yi ta dariya har da masu faɗuwa a yashi. Ni ma na yi, ban san me ya sa ba. Amma na ga leɓɓansa sun yi baƙi, na ga yadda haƙoransa ke haɗuwa. Da na kai shi gida na lulluɓe shi, na zagaya bayan kicin na yi ta amai.

Na kira 'yarmu Yesenia, ma'aikaciyar jinya ce a Trujillo, na gaya mata. Muka haɗa hannu muka saya masa babba. Doña Zoila, jirgi na gani na faɗa. Rawaya ne, mai faɗi, kujeru biyu gaba da baya kowace da majingina, ga ramukan soka sandar fatsa, ga mariƙi a kai da gindi, har da ɗan keke mai taya biyu na turawa a yashi, da rigar ruwa mai hana nutsewa. Mai shagon ya ce mutum zai iya miƙewa tsaye a kai ya yi rawa. Da rana tsaka aka kawo shi a kan rufin mota, direba yana ta matsa oda, duk layinmu suka fito kallo. Ni kuma na tsaya a ƙofa na riƙe ƙugu ina jiran godiya.

Ga godiyar da na samu. Ya zagaya shi a hankali, ya ƙwanƙwasa gefensa da yatsa, ya dube ni a gaban mutane ya ce, “Ya yi kyau. Ina murfin, ko a buɗe za ku binne ni?”

Na yi mita har bakina ya gaji kafin ya yarda ya gwada sau ɗaya. Da farko ya ce shi a kafaɗa zai ɗauka, kamar yadda ubansa ya yi. Ya sunkuya, ya yi nishi, wani abu ya yi ƙara a bayansa, jirgi ko motsi. Dole ya ɗora shi a kan keken ya tura. Kin san yadda mazan gaɓar nan suke, ba su da aikin da ya fi sa ido. Yana ratsa yashi Anacleto ya ɗaga hannu ya ce, “Mai askirim! Compadre, ba ni na madara guda biyu, ka sa mini a takarda!” Shi ke nan, kowa ya ɗauka. Yau in mijina ya wuce ta bakin ruwa sai ki ji wani yana kwaikwayon ƙararrawar mai askirim da baki.

Abin haushin, jirgin ya yi aikinsa. Ya tafi ya dawo da ƙaguwa cike da kwando, wandonsa a jikinsa, a bushe. Na ce to Allah ya kawo ƙarshen wahala. Ashe da sauran kallo. Mutumin da ya shekara hamsin yana jingine doki a tsaye in ya fito, hannunsa ba ya tambayar kansa. Ya kama kan jirgin nan ya yi ta tura shi sama da ƙyar har ya tsayar da shi a jikin shinge, a tsakiyar jerin dawakan mutane, wai ya tsane. Roba, Doña Zoila. Me zai tsane a jikin roba? Iskar yamma ta taso ta same shi tsaye da faɗinsa kamar ƙofar coci, ta kwashe shi. Ya faɗa kan na kusa, na kusa ya faɗa kan na gaba, haka jerin ya bi ya zube har ƙarshen shinge. Dawaki da yawa hancinsu ya karye. Na Anacleto har yau hancinsa yana kallon gefe, kuma ni dai ban yi masa jaje ba.

Washegari ya turo jirgin gida ya ajiye a tsakar gida, ya ce in na ga ya sake hawansa to gawarsa ce aka ɗora. Ya koma kan jan muciyarsa, don ita yana iya saɓa ta a kafaɗa. Wai namiji shi ke ɗaukar dokinsa, ranar da aka ɗaukar masa kuwa ya zauna a gida ya riƙa gyaran raga.

To yanzu agwagina sun tare a ciki. Ɗaya har ta yi ƙwai a kujerar gaba. Rigar ruwan kuwa kyanwa ce ke kwana a kai, kuma ina tabbatar miki ba ta taɓa nutsewa ba. Kujerar baya ita ma ta yi mai ita. Duk yamma Anacleto zai shigo da sunan gaisuwa, ya karɓi kofin chicha, ya nufi kujerar nan ya baje ya jingina, yana cewa, “Wannan ai ba jirgi ba ne, falo ne, saura talabijin.” Yana cikin zagin jirgin barci ke kwashe shi. Matarsa, comadre Rosenda, ta gaya mini a kasuwa cewa da safe ita ke sa masa takalmi don bayansa ba ya lanƙwasuwa, amma wannan tsakanina da ke ne.

Ba abin da ban gwada ba. Na ɓoye filafilin jan jirgin, ya tsaga gora ya yi wani. Na daina dafa agwagwa, ya tafi gidan ƙanwarsa ya ci ya dawo yana sakace. Na ce masa tsoho, na ce masa mai taurin kai, na ce masa in ya mutu ba zan sa baƙaƙen kaya ba, ja zan sa in yi rawa. Yesenia ta kira shi ta yi masa bayanin abin da ruwan sanyi ke yi wa zuciyar mai shekaru, ya ce mata ta gaishe da likitoci.

Abin da ya sa na rubuto yanzu, bikin San Pedro, waliyyin masunta, ya matso. Kamar kullum maza za su haɗu su ɗaure babban jirgin totora, su ɗauko shi su kai ruwa, a ɗora mutum-mutumin waliyyin a kai, masunta su raka shi a kan dawakansu. Lolo ya rantse zai yi rakiya a kan jan nan, a ruwan Yuni, ga turmutsutsun jirage ko'ina. Kuma kin san a ranar ne fada ke karanta sunayen waɗanda teku ya tafi da su, a jefa musu kambin furanni. Sunan yayansa Fermín yana ciki. Ni ina cikin matan da ke saƙa kambin duk shekara. Shekaranjiya muka je zaɓen furanni, ina tsaye ina surutu, sai na duba hannuna na ga na tara rawaya zalla, irin wanda Lolo ke tsinkowa ya soka a hularsa in yana cikin nishaɗi. Ban san lokacin da na zaɓe su ba. Na zubar da su na fito waje na zauna a bakin hanya. Tsoro nake ji, Doña Zoila, irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ban gaya wa kowa ba sai ke.

Saboda haka na yanke shawara. Ina da tsinken ƙarfe na gasa nama. Zan sa shi a wuta ya yi ja in huda jan jirgin ta ƙasa, inda ba zai gani ba. In ya lalace dole ya hau babban, ko ya zauna a gida. Ba tambayarki nake ko in huda ba. Ki gaya mini a ina ya fi dacewa, kuma ƙofa nawa za ta isa.

Taki,
Mai Kiwon Agwagi a Jirgi

*

Uwargida Mai Agwagi,

Na gode da kike ware shafina kafin ki naɗe kifi. Akwai marubutan da ko wannan gatan ba su samu ba.

Ki mayar da tsinken nan kicin tun kafin ki gama karanta wannan layin. Dabarar taki ta yi kyau ƙwarai, in burinki shi ne ki ƙarasa wa teku aikin da ya gwada sau uku ya kasa. Jirgin roba mai ƙaramar ƙofa ba a bakin gaɓa yake nutsewa ba, inda mijinki zai yi tsaki ya fito. A hankali yake shan ruwa, ba a ji ba a gani, sai ya kai mutum can bayan gada sannan ya yi nauyi ya kife. Kuma ba kullum Anacleto ke wucewa ba. Kin tambayi ƙofa nawa za ta isa. Ɗaya ta isa ta mayar da ke gwauruwa, ta kuma bar ki da abin da ba fadan da zai iya sauke miki.

Yanzu ga inda kike da gaskiya. Jan jirgin nan bai dace da shi ba. Mutumin da ya kife ya kasa komawa kan jirginsa ba shi da hurumin fita teku a kansa, ko kakansa ne ya yi wa Nuhu tuƙi. Babban ya fi, kuma shi ma ya sani, tunda ya dawo da wandonsa.

Amma ki zo mu duba yadda kika ba da kyautar. Da rana tsaka, a kan rufin mota, da oda, da 'yan kallo. Abin da ya rage kawai ki ɗauko masu busa ƙaho su zagaya gari suna shelar Don Lolo ya tsufa. Mutumin da aka kawo gaɓa ba wando, matarsa tana cikin masu dariya, sai ga shi an kawo masa kujera mai majingina a gaban maƙwabta. Ke kin ga ƙauna. Shi hukunci ya gani, shi ya sa ya tambayi murfi. Bayan haka kika bi shi da tsoho, da mai taurin kai, da alkawarin rawa a kan kabarinsa, kina mamakin me ya sa bai narke ba.

Ki lura da kyau, mijinki ba da jirgin yake faɗa ba. A ruwa sun daidaita. Rigimarsa tana cikin ɗan yashin nan da ke tsakanin shinge da bakin ruwa. A nan aka auna ubansa, a nan ake auna shi tun yana saurayi, kuma ma'aunin ɗaya ne, kafaɗa. Wauta ce? Wauta ce mana. Amma wautar da mutum ya rayu a cikinta shekara hamsin ba a cire masa ita da mita. Hanya ake nema masa ya fita da hularsa a kai.

Hanyar kuwa tana cikin wasiƙarki. Wane jirgi ne ya fi kowanne faɗi a gaɓarku? Na San Pedro. Wa ke ɗaukarsa a kafaɗa shi kaɗai? Babu. Maza ne tuli suke kama shi, suna nishi suna taƙama, kuma ban taɓa jin wanda ya tambayi waliyyi askirim na madara ba. A ranar bikin nan kaɗai, babban jirgin da aka kama da hannu da yawa abin girmamawa ne. Ranar za ki yi amfani da ita.

Ki je wurin matan da kuke saƙa tare, ku je wurin fada, ki nemi alfarmar bana ke za ki jefa kambin da hannunki. Kin daɗe kina saƙawa, kuma sunan yayan mijinki yana cikin waɗanda ake karantawa, da wuya a hana ki. To doki ba ya ɗaukar mace da kambi. Jan nan ko mai shi ba ya ɗauka. Jirgi ɗaya ne a garin mai kujeru biyu, kuma agwagwa ce ke kwanci a cikinsa. Ki sami mijinki a ɗaki, ba maƙwabta, ba Yesenia a waya, ki roƙe shi ya kai ki. Roƙo na ce, ki nemo yadda ake yi in kin manta. Sannan ki tare Anacleto a gaban mutane ki ce, compadre, kai za ka kama mana ɗaya mariƙin. Ba compadren da zai ce wa comadre a'a a bainar jama'a kan abin da ya shafi matattu. Keken kuwa ki bar shi a gida. Ta haka mijinki zai sami abin da kowane namiji mai girman kai yake nema, wato ya yi abin da ya kamata yana cewa matar nan ce ta dame ni.

Kada ki ɗauka faɗin jirgi laya ce. Mai shago ya ce a yi rawa a kai, ki ce ya zo ya fara. Babban jirgi iska ta fi tura shi, in igiyar ruwa ta same shi a gefe yana kifewa, kuma in ya kife ya fi ƙaramin wuyar juyowa. Saboda haka kafin ranar, ki sallami agwagi, ki wanke shi, ku kai shi inda ruwa ya lafa, iya ƙugu. Ku kifar da shi da gangan, ku juyo shi, ku hau, ku sake, har jikinku ya iya. Ku ɗaure filafili da igiya. Ki karɓe rigar ruwa daga hannun kyanwa ki sayo ta biyu, ki fara sa taki, ki ce ba za ki hau ba sai ya sa tasa. Ku shiga ruwa kan jirgi yana fuskantar igiyar ruwa. In kun fito ku kwantar da shi a inuwa, don Allah, kada a sake tsayar da shi. Yesenia kuma ta bar wa'azi ta waya, ta zo da abin awo ta duba jinin ubanta da zuciyarsa. In ranar ta zo teku ya tashi da fushi, ki miƙa kambin a jirgin waliyyi ku tsaya a yashi ku biyun. Matattu ba sa gaggawa.

Game da abin da zai biyo bayan biki, kada ki damu da neman wanda zai zauna a kujera ta biyu. Mutumin da yake zuwa gidanki duk yamma don ya zagi jirgi, ya ƙare da barci a cikinsa, ya riga ya nemi aikin, bakinsa ne kawai bai sani ba. Tsofaffi biyu, ɗaya ba ya iya hawa in ya faɗi, ɗaya ba ya iya sa takalmi, in suka haɗu a jirgi guda sun kusa yin cikakken masunci. Kuma duk mai son yin ƙararrawar askirim sai ya yi wa su biyun, alhali shugaban masu yin ta yana riƙe da gindin jirgi.

Ba zan yi miki alkawarin zai yarda ba. Mai yiwuwa ya ce a'a, ya saɓi jar muciyarsa ya wuce. Shi ya sa na bar mafi muhimmanci a ƙarshe. Kin jero mini duk abin da kika gaya wa mijinki, na karanta na sake karantawa, ban ga inda kika gaya masa kina tsoro ba. Kin gaya wa bayan kicin, kin gaya wa bakin hanya, kin gaya wa wata tsohuwa a jarida da ba ki taɓa gani ba. Shi abin da ya sani kawai, matarsa ta yi dariya ranar da aka kawo shi. Ki zaunar da shi ki ba shi labarin furannin rawayan nan, yadda kika ba ni, ba ƙari ba ba'a. Mutumin da ya san yadda ake tsayawa a yashi ana karanta sunan yayansa zai gane abin da kike faɗa.

Sannan ki koma wurin mai furanni ki sayo rawayan da kika zubar. Kada ko ɗaya ya shiga kambin. Ki soka masa a hula da safen bikin, da hannunki.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya sa sunayen da fada zai karanta baɗi su ne na bana, ba ƙari. Ki gaishe mini da Don Lolo, ki kuma ba agwagi haƙuri.

Doña Zoila